Baiti Huɗu

Ƙarfe biyun dare a Brno.
Taragon ƙarshe ya wuce, ya bar dogo yana ƙyalli cikin yayyafi.
A hawa na uku Květuše ba ta tashi ba.
Kofinta ya huce tun goma,
fankar na'ura ce kaɗai ke numfashi tare da ita.

Aikin dai na fito ne, ba kwalekwale.
Can ciki ƙwaya take, uwar ɗakin na'ura,
mai riƙe da makullin kowa.
Nan waje manhajoji ne, kowace da adireshi a hannu:
ga wurina, zuba mini nan.
Tsakani akwai katangar da ido bai taɓa gani ba,
ba a miƙa hannu ta samanta.
Sai dai a kwafa,
baiti bayan baiti, kamar mai juyar waƙa daga tsohon littafi,
a ƙirga abin da ya haye,
a faɗi adadin da ya maƙale.

Mahaifinta Oldřich kwastan ne a Mikulov,
shekara talatin ba ɗaya,
bakin hanyar da ke gangarawa Ostiriya.
Yakan ce mata a kan miyar kabeji:
in mutum ya faɗi nauyin kayansa, rubuta, riƙe takardar.
Kika sake tambaya, kin ba shi lokacin sauya baki.
Haka ta tashi.
Tsawon da baƙo ya faɗa, sau ɗaya take karɓa,
ta ajiye a ɓangarenta, ta auna,
adireshin da ya nuno kuwa sai ta ga ba cikin gida yake leƙe ba.

To amma ɓarnar daren nan ba daga waje ta shigo ba.

Ƙunshi ne na baiti ashirin da huɗu.
Ashirin an cika su tsaf.
Huɗun rata ce kawai,
gurbin da aka bari don kaya su zauna daidai.
Ba wanda ya rubuta komai ciki.
Ba wanda ya share.
Abin da wani ya bari ɗazu ya tafi,
guntun adireshi, wutsiyar kalmar sirri,
shi ke kwance a wurin, lamo,
ana ɗaukarsa da sauran kaya a fitar.
Shekara shida ana haka, kullum, ba a buga masa hatimi ba.

Ta cire tabarau.

Ranar da asibiti ya miƙo mata kwat ɗinsa cikin leda
an riga an zazzage aljihu, an jera a takarda:
agogo, makulli biyu, alewar tari.
Sai a gida, tana ninkewa,
inda ɗinki ya saki tsakanin ƙyalle da shafi,
yatsunta suka taɓo wani abu mai kauri.
Tikitin jirgin ƙasa zuwa Vienna.
Zuwa kaɗai.
Ba a huda shi ba.
Kwanan watan ya girme ta da wata biyar.
Ba ita ya ajiye wa ba. Bai ajiye wa kowa ba.
Rata ce ta ɗauko shi, ta tsallako da shi.

Maganin layi ɗaya ne:
a shafe ƙunshin da sifili kafin a zuba komai.
Ta rubuta. Ta gwada sau uku.
Huɗun suka fito fes, babu ƙurar kowa.
A ƙarƙashin facin ta sa sunanta,
ta aika wa Bohumil, wanda zai gani da safe ya ce ai ƙarami ne.

Ƙarami ne.
Ta ja aljihun tebur, ta duba, ta mayar.
A ƙasa wani yana kankare gilashin mota,
taragon asuba yana lanƙwasowa ta kwana, babu kowa ciki
sai direba da fitila.